Iyakar Muciyar Kaka

Kwanakin nan na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗan sutudiyona da ke Dogon Dutsi, in fito, in sake komawa. Dalili kuwa waƙar Inna Gambo ce, tsohuwar zabiyar Sukukutane, wadda ta sha rairayin hanya ta zo in ɗauki muryarta don jikokinta. Na haɗa aikin, na ji shi cike da kauri kamar hadari. Da aka sa shi a rediyon gidan da ta sauka, sai ga kiɗa ya rame, muryarta siririya kamar ta sauro.

Ta dawo ta tsaya bakin ƙofa, ta ce, "Ɗana, wagga ba ni ba ce. Kuma muryar ba ta jiranka, kullum raguwa take. Gobe motar kasuwa za ta maida ni gida."

Laifina ne. Na jingina sifiku biyu, wato lasifikokin da nake sauraren aiki da su, a kusurwoyin ɗaki, ni kuma ina zama can baya kusa da ƙofa, in ƙure sauti don masu wucewa su san ana aiki. Ina son a yabe ni, wannan shi ne gaskiya. Ina cikin wannan kai-kawo ne Kaka ta faɗo mini a rai.

A Dumega muka tashi gabanta. Bayan magariba, in an sauke tuwo, takan zauna gefen murhu da sauran garwashi, muciya a hannu. Muryarta ba ta da ƙarfi, ba ta kuma ɗaga ta don kowa. Kafin ta fara tatsuniya sai ta miƙa muciyar ta zagaya da ita, tana taɓa kan kowa. Wanda ba ta kai gare shi ba, dole ya matso. Ni kuwa na fi son jingina da katangar rumbu, inda muryarta ke zuwa da wani amo mai daɗi.

"Angona, mi kake yi can?" in ji ta. "Ni ka zo ji ko rumbu? Zamna nan, ko in sake miji."

Sai yara su kwashe da dariya, in matso ina kumbure-kumbure. Ita kuma ta ce, "To, ga ta nan ta iso, ku yi mata wuri."

Wadda ta fi zama mini ita ce ta wani mai gurmi. Wai kullum sai ya tafi wani kwazazzabo gindin dutse ya yi kiɗa, domin akwai aljana doguwa a wurin da ke ara masa murya. Ya taɓa tsirkiya kaɗan, dutse ya mayar masa da ita ƙatuwa. Daɗi ya hana shi ɗaure tsirkiyar da ta saki, ya hana shi shanya fatar da ta yi sanyi. Uwarsa ta ce ya kara kunne jikin gurmin ya ji, ya ce ai shi ya wuce nan. Ranar kokowar kaka aka kira shi fili, ba dutse ba kwazazzabo. Ya kaɗa, sai wani ɗan ƙwas-ƙwas. Ya waiga yana neman doguwa. Nan Kaka kan rage murya, mu duka mu miƙa wuya.

"Ita doguwa ba ta zuwa kokowa," ta ce. "Tana can gida tana dariya. Tatsuniya ta ƙare, kowa shi ɗauki kunnensa."

Da na tuna wannan, sai na sa sautin gwaji mai kauri, na riƙa yawo cikin ɗakin da ma'aunin sauti na waya. A kusurwa ya kumbura, a tsakiya ya kusa ɓacewa, a kujerata ya sake kumbura. Ashe siminti da kwanon rufi nake saurare, ina ta rage kaurin da babu shi a waƙar. Sauraren nesa na manyan ɗakuna ne da aka gyara bangonsu. Ƙananan sifiku irin nawa don kusa aka yi su, inda sautinsu zai riga na bango isa kunne.

Na leƙa gida na ce wa matata Rabi ta ara mini muciya.

"Tuwo za ka tuƙa wa mawaƙan?" ta ce.

Na janye sifikun daga bango, na ɗaga su daidai kunne. Da muciyar na auna tsakaninsu, na auna daga kowanne zuwa kaina, duka tsawo ɗaya, na karkato fuskarsu gare ni. Na rage ƙara. Abin da na ji bai yi mini daɗi ba, domin duk ɓarnata ta fito fili, amma a ƙarƙashinta ga Inna Gambo, har da jan numfashinta. Na warware haɗin na sake shi.

Da safe na zaunar da ita a kujerar. Ta saurara ido rufe, sannan ta ce a sa mata a rediyo ma. Da ya ƙare ta gyara lulluɓi.

"Yanzu na gane kaina, har da tsufan. Bar shi hakanan."

Da can na ɗauka Kaka mulki take nuna mana da muciyar nan. Sai yanzu na gane so take mu ji ta yadda take, ba yadda katanga ta ƙawata ta ba. Har yau ƙafata kan ja ni zuwa kujerar bakin ƙofa, don can ya fi daɗi. Shi ya sa ban mayar wa Rabi muciyarta ba. Na sayo mata sabuwa.