Yashin da Komin Biyu Suka Zubo Mana

Gidanmu yana ƙarshen gari, a bakin kori, wato rafin da ke kawo ruwa da damina. Daga ƙofar shagona na ɗinki ina hango gonakin mutanen ƙetare, waɗanda ke ƙarƙashin wata komin, wato ƙaramar hukuma, daban da tamu. Duk damina ruwa sai ya gutsiri gaɓa ya tafi da ita. Wata shekara ya ci garken awakin kawuna, shekara mai bi mata ya ɗauke masa rabin katanga. In muka kai kuka ofishin magajin garinmu, sai a ce korin na mutanen ƙetare ne. Su ma in suka je nasu ofishin, amsar da suke samu ke nan.

Ana haka mataimakin magajin garinmu, wanda muke kira adjuwan, ya je taro wani birni na bakin teku. Da ya dawo ya tara mu gindin darbejiya, ya riƙa zagayawa da wayarsa yana nuna hotuna. Ya ce can teku ke cinye musu gaɓa, sai ƙananan hukumominsu suka haɗa kai suna zuba sabon yashi inda ya zaizaye.

"Mu da muke kwana kan rairayi," in ji shi, "me zai hana mu yi?"

Wani tsohon manomi daga ƙetare ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan korin nan raƙumi yake kayarwa. Yashi ba zai tsaya masa ba, sai dutse."

Adjuwan ya yi murmushi ya ce, "Baba, ka taɓa ganin teku?"

Tsohon ya ce bai taɓa ba. Aka yi dariya, har da ni, aka wuce maganar.

Komin biyu suka shirya: tamu ta ba da kamiyo, wato babbar mota, tasu ta ba da yashi. Ni aka ba ɗinkin ƙyallen da za a rubuta sunayensu, kuma sai da na ɗinka biyu, don kowace ta ce sunanta ne zai zo farko. Ranar buɗe aiki aka kafa rumfa, aka yi jawabai har azahar, sannan kamiyo ya iso. Nan direba ya leƙo ya tambayi gaɓar da zai fara zubawa. Babu wanda ya yi tunanin wannan. Namu suka ce motarsu ce, na ƙetare suka ce yashinsu ne. Da rana ta yi zafi aka yanke a jibge shi a fili, kusa da shagona, har kwamiti ya zauna. Kawu aka ɗora wa gadi, tunda shi ruwa ya fi cuta.

Yashi ne mai kyau, wankakke, babu tsakuwa. Kwamiti bai zauna ba. A satin farko wata maƙwabciya ta zo da kwano ta ce suyar gyaɗa za ta yi, kawu ya ce kwano ɗaya ba komai. Sai masu tasa, sai masu bokiti. Wata safiya na ga katangar kawu ta sha sabon shafe, tana ƙyalli.

Na ce, "Kawu, wannan fa?"

Ya ce, "Ba don kare katangata aka kawo shi ba? To ga shi ya kare ta."

Na koma gida ina faɗa, ina cewa mutane ba su da amana. Mai ɗakina ta bari na gama, ta ce, "Malam, dakalin shagonka da ya tsage, sai wani ya karye a kai za ka gyara?" Baro huɗu na ɗiba. Na gaya wa kaina zan mayar.

Bayan wata biyu adjuwan ya zo da baƙi daga komin biyun don su ga aiki. Babu abin da ya rage a filin sai ɗan fari-fari a ƙasa. Na kasa ɗaga kai daga keken ɗinki. Adjuwan ya dubi filin, ya dubi katangun unguwa da suka yi fes, ya juya wajen baƙi ya ce, "Kun ga himma? Tun kafin kwamiti ya zauna jama'a sun kwashe shi sun sa a aiki." Aka tafa. Kawu ne ya fi kowa tafi.

Ruwan farko na daminar da ta biyo ya tafi da ɓangaren baya na gidan kawu, ya bar masa katangar gaba. Kwana uku bayan haka tsohon manomin ya ƙetaro da amalanken jaki cike da duwatsu, ya fara jerawa a gaɓarmu. Kunya ta fito da mu. Muka yi ta jido dutse da tsofaffin tayoyin mota duk ranar Asabar, mu da mutanen ƙetare, mata suna dama mana fura. Jerin ya riƙe damina biyu. A ta uku wani gefe ya ɓalle, muka sake ɗinke shi.

Tsohon ya rasu bara. Na je ta'aziyya da ƙafa, na zauna cikin ƴaƴansa har la'asar, na kasa gaya musu cewa ina cikin waɗanda suka yi masa dariya.