Ajiyar Baba Isuhu

Shekara goma sha biyu ke nan cif da rasuwar yayana Abdu, baduku a unguwar Birni ta Zinder. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, don ni ma akwai hannuna a cikin labarin.

A shekarun fari da yunwa aka haɗa ayarin makaɗa da mawaƙa masu zaga garuruwan Damagaram. A yi wasa a Zinder ko Mirriya, masu hali su ba da gero, mu kai ƙauye. Ni ke tuƙa kamiyon, Yaya Abdu ke rabo. A bayan mota ganguna ne bisa buhuna, makaɗa bisa ganguna, kowa ya ƙoshi da rana da garin rogo. In mota ta kafe cikin rairayi, mawaƙin da jiya ake yi wa tafi shi ne gaba wajen turi.

Mun ɗauka kiɗa zai tara mana jama'a. Ashe korar su yake. Magidanci ya ji kalangu, ya san za a kira sunan kakansa, ga shi ba shi da ko tiya ɗaya ta gero da zai yi kyauta, sai ya sulale daji. Wanda ya tsaya kuma ba zai miƙa hannu a gaban surukansa ba. Mutanen da suka saba fid da zakka ne, yaya za su karɓi sadaka?

Yaya Abdu ne ya samo dabara. Sai ya sa a tsai da kiɗa can bakin kasuwa, shi kuma ya bi gida gida da buhu a kai. Ya yi sallama, ya ce mota ta yi nauyi, a taimaka a riƙe masa ajiya. In zai fita sai ya rage murya ya ƙara da cewa in ta kama a taɓa, ya yafe. Kowa ya gane, kowa ya rufa wa kowa asiri.

A wani ƙauye bayan Dakusa, gidan ƙarshe na wani dattijo ne, Baba Isuhu, shi da tsohuwarsa. Rana ta yi, makaɗa na ta mita, ni kuma ina tsoron rairayin da ke gabanmu. Yaya na ciki da buhu na danna odar mota, na sake dannawa, har Yaya ya fito da gudu.

Bayan sati biyar muka biyo ta nan. Baba Isuhu ya tare mu yana dogara sanda, ya ja Yaya zuwa rumbunsa. Ba komai a ciki sai buhunmu, an ɗora shi bisa duwatsu saboda gara.

"Ga ajiyarka, ɗana," in ji shi. "Ko ɗinkin ban kwance ba."

Yaya ya tambayi ina tsohuwar take. Dattijon ya ce kwana tara ke nan da aka kai ta kushewa, kuma har ta cika tana yi masa tuni kada a ci amanar baƙo.

Daga ranar Yaya bai sake hawa kamiyon ba. Ya koma kan fatunsa, ko takalmi ba ya yarda a bar masa ajiya. Bai taɓa ambata mini odar nan ba, ni kuwa da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu ana jera mutane a rana, a ɗora musu buhu a ka, a ɗauki hotonsu da salula kafin su tafi. Ba wanda ke gudu daji kuma. Kunyar da ya yi ta lallaɓawa ta ƙare, yunwar kuma tana nan inda muka bar ta. Ina jin zai sunkuya ne kawai ya ci gaba da ɗinki.

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ni dai na ga wanda ya faɗi. Makaɗan sun mutu, kamiyon an sayar da ƙarfensa, ƙauyen ma na ji ya watse. Abin da ya rage na Yaya Abdu ɗan kaɗan ne: wasu tsofaffi a karkara da suka ci gero ba su sunkuyar da kai ba, su ma ba su san sunansa ba.

Sai kuma tambayar da ya yi mini a ciwonsa na ƙarshe, yana riƙe da hannuna.

"Sani, ranar nan, na ce masa ya taɓa?"

Ina cikin mota a lokacin, hannuna kan oda, ban ji komai ba. Na ce masa ƙwarai, ya faɗa, da kunnena na ji. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe mini.