Murar da ta sauke ni daga barden noma

Jama'a, salamu alaikum. Fiye da shekara talatin ke nan ban buɗe baki kan wannan magana ba. Yau zan buɗe, don na gaji da jin shirmen samarin yanzu a bakin masallaci, mutum na rawar ɗari yana cewa wai mura ce kawai.

Ni Audu ne, na Tamawa ta ƙasar Kurfi. Ban yi boko ba, ban kuma yi nadama ba. 'Yata Hajara ke rubutawa, na ce kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Daminar shekarar da aka ware mana Katsina daga Kaduna abin ya faru. Lokacin ni ne barden noma. In an yi gayya ni ke shiga gaba, sauran maza su biyo ƙurata.

Mura irin wadda kuka sani sallama take yi: atishawa yau, majina gobe. Wannan ba ta yi sallama ba. Da hantsi ina gona lafiyata ƙalau, kafin azahar jikina ya ɗau wuta. Kai kamar ana sara, gaɓoɓi kamar an yi mini dukan sakwara, ga busasshen tari mai kankare ƙirji.

Matata Asabe ta ce mu je ɗakin shan magani na Kurfi. Na ce, "Barde guda a kai shi asibiti don mura? Dafa mini ganye in yi surace."

Masu dubiya suka cika ɗaki, kowa da likitancinsa. Wannan ya ce kunu da yaji, wancan ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho. Ba wanda ya taɓa warkar da ko akuya a cikinsu, amma duk na bi.

Rana ta uku ita ce gayyar gonar surukina. To ga al'adarmu: in barde bai fito ba, makaɗi ke zuwa ƙofar gidansa da gangar noma. Tanko makaɗi ya zo ya tsaya yana zuba kirari: "Audu mai hauyar ƙarfe, rana ta faɗi ta bar ka tsaye!"

Asabe ta tare ƙofa. "Malam, don girman Allah kada ka fita. Ko tsayuwa ba ka iyawa."

Na ce, "Matsa. Kina so a ce an yi mini kiɗa ina kwance, a gonar ubanki?"

Na fita. Maza suka yi ihu, mata suka rangaɗa guɗa. Ban kai ƙarshen gonar ba na kife a kan hauyata.

Duk da haka sai da na ƙara kwana uku a gida, don taurin kai irin nawa. Da tarin ya fara fitowa da jini, numfashi ya gagara, aka ɗora ni a amalanke zuwa Kurfi. Malamin asibitin ya sa abin awo a ƙirjina, ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, a wuce Dutsin-Ma.

Can aka ɗebi jinina, aka ce ba zazzaɓin sauro ba ne. Aka ɗau hoton ƙirji. Likitan wani Kirista ne daga kudu, Hausarsa duk a karkace, amma na gane shi sarai.

"Malam, kwana nawa?"

"Shida."

Ya girgiza kai. "Wannan babbar mura ce. Da ka zo cikin kwana biyu, akwai ƙwayar da ke karya mata ƙarfi. Yanzu ta sauka huhu. Za mu yi namu, kai ma ka roƙi Allah."

A nan tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Gado na kusa da ni, da safe akwai mutum, da la'asar an naɗe katifa.

Allura safe da yamma. Ƙarin ruwa leda bayan leda. Bijimin nomana ɗaya ya tafi a jinyar.

Kwanana biyu a gadon, Asabe ta fara irin rawar ɗarin da na yi. Nas ɗin ɗakin ta taɓa goshinta, ta ja hannunta zuwa wurin likita a take. Aka ba ta ƙwayar. Bayan kwana huɗu tana kan ƙafarta tana dama mini kunu.

Ni kuwa, barde, sati uku ana tallafa ni zuwa bayan gida.

Tana ba ni kunun tana cewa, "Sha a hankali, mai hauyar ƙarfe."

Masu ihun nan fa? Biyu suka leƙo ni, su ma don ranar kasuwar Dutsin-Ma ce. Kafin a sallame ni an yi wata gayyar, an naɗa sabon barde, Tanko na bin sa da ganga, da kirarin nan nawa, suna kawai ya canza. Ban ga laifinsa ba. Laifin wawan da ya tashi ne.

Na gode wa Allah da ya bar ni da rai. Na gode wa likitan nan da nas ɗinsa, ban san inda suke ba yanzu. Asabe ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya haskaka kabarinta, ku sa ta a addu'a.

Ga abin da na sani. In zazzaɓi ya faɗo maka lokaci guda, da ciwon jiki da busasshen tari, kada ka jira gobe ko jibi, je asibiti a duba ka, maganin a farkon ciwo yake aiki. Tsoho, mai ciki da jariri, su kam ranar za a kai su. Ku rage cinkoson dubiya, ana ɗaukar ta ta numfashi. Kada ku sayi ƙwaya a tire da ka.

Wanda kuma ya fi ƙarfin wannan magana, ya zo Tamawa ya raka ni masallaci. Gida uku ne tsakani. Ya ƙirga sau nawa nake tsayawa neman numfashi.