Kwana Tara Zuwa Sakkwato

Duk wanda ya yi wayo a Kebbe kafin Turawa su naɗe tabarmarsu ya san Ɗangiwa mai jakai. Shekara talatin yana kai busasshen kifi Sakkwato, ya komo da gishiri da kanwa. Dukiya dai bai tara ba, mutane ya tara. Daga Tambuwal har Boɗinga babu zangon da ba shi da mai masauki, kuma bai taɓa wuce ƙofar ɗayansu ba tare da ya sauka an gaisa an ci an sha ba.

A kakar shekarar da aka samu mulkin kai, kututturen dawa ya soki matarsa Atu a tafin ƙafa. Aka yi ta shafe-shafe, ƙafa sai hawa take yi. Ya ɗora ta a jaki ya kai ta Tambuwal. Malamin asibiti ya kwance tsumman da aka ɗaure ƙafar da shi, ya duba, sannan ya rubuta takarda ya miƙa masa.

"Wannan ta fi ƙarfina, Baba. Motar Jega na wucewa da la'asar, ka sa ta ciki. In an yi sauri ana iya ceton ƙafar."

Ɗangiwa bai taɓa shiga mota ba, kuma ya raina ta. Abin da zai wuce gidan mutum ba sallama, a wurinsa ba shi da tarbiyya. Ya ce ai kwana huɗu ne a ƙasa, kuma hanya ce da ya sani kamar yunwar cikinsa.

Kafin Dogon Daji suka sauka wurin amininsa Namadi, mai wani tsohon kada a kududdufin bakin hanya, wanda matafiya kan tsaya su kalla. Namadi ya duba ƙafar ya ce lakar kududdufin nan tana zuƙe dafi.

"Madugu, ka wuce da marar lafiya ba ta kwana gidana ba? Mi mutane za su ce da ni?"

Kwana biyu suka yi ana yaɓa laka. Gaba kaɗan kuma ga tsohuwa Tambaya, mai sayar da fura a kogon wata ƙatuwar kuka, da jiminarta mai kai wa fasinjoji wawura. Ita turare ta ce za a yi wa ƙafar, kuma maganinta in an fara ba a katse shi sai ya kwana uku. Babu mugu a cikinsu, kowa da zuciya ɗaya ya riƙe su, abin da ya fi baƙanta rai ke nan. Ɗangiwa kuwa yana jin warin ƙafar yana sauyawa, hankalinsa a tashe, amma kunyar cewa a'a ta fi ƙarfinsa.

A rana ta shida, a gidan wani wanzami da ya nace sai ya yi mata ƙaho, Atu ta kira mijinta a hankali.

"Malam, mu tai. Na bar jin yatsuna."

"An yanka muna kaza, Atu. Ba a tashi a bar ta."

Safe da yamma motoci na wucewa ta gabansu.

Ran kwana tara suka shiga Sakkwato. Likita ya karanta takardar, ya dubi kwanan watan da ke jiki, ya dubi ƙafar, ransa ya ɓaci. Da yake ba ya jin Hausa, ya sa tafinta ya tambayi Ɗangiwa ina suka tsaya tun ranar da aka rubuta ta. Sai Atu ta ɗago kai daga gadon.

"Ni nac ce ban shiga mota. Tsoro nika ji. Shi ba ya da laifi."

Ita aka yi wa faɗan, yana tsaye yana ji. Washegari aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Da suka koma Kebbe ya sayar da jakan, ya bar fatauci, ya zama shi ke ɗebo mata ruwa da itace. Mutane suka yi ta yaba masa, wai samun miji irinsa sai an tona. Labarin da ya bazu a gari kuwa shi ne taurin kan Atu ne ya ci ƙafarta, har iyaye mata kan ja wa 'ya'yansu kunne da ita. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana jan jiki da sanda, ba ta taɓa tayar masa da zancen ba ko sau ɗaya.

Ranar da aka binne ta, wani a wurin zaman makoki ya ce Allah Ya jiƙan Atu, da ta ji maganar mijinta da ƙafarta biyu za ta koma ga Ubangiji. Jama'a suka ce haka ne. Aka juyo ana duban Ɗangiwa, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce amin.