Kai Kayan Sanusi Goronyo

Sakkwato zuwa Rabah

Ƙarfe biyar da rabi, bayan asuba, na fito da jakar Sanusi. Abokin karatuna ne, masanin duwatsu. Ya rasu a jirgin ruwan masu binciken tsaunukan ƙarƙashin teku, aka binne shi a wani tsibiri. Wata biyu kayansa suka yi kafin su iso: tufafi, Alƙur'ani, da wani baƙin dutse kamar curin tuwo, da takarda manne: "Na Baba."

Bakwai da kwata na isa Rabah, na ɗauki yayarsa Hajo. Ta rungume jakar, ba ta buɗe ba.

Wurno

A shingen kusa da gari jami'in tsaro ya zazzage jakar, ya ɗaga dutsen.

"Zinariya kuke haƙa?"

Na ce dutsen aman wuta ne daga ƙasan teku. Bai yarda ba, ya ƙwanƙwasa shi da gindin bindiga, gefe ya ɓalle. Hajo ta fashe da kuka. Sai ya miƙo mana, bai dube mu ba. Na sayi ƙosan ɗari uku, ba wanda ya ci.

Goronyo

Sha ɗaya saura muka tarar da mahaifin Sanusi, Baba Ummaru, masunci, yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Shi ne ya so Sanusi ya gaji kwalekwale, Sanusi ya zaɓi karatun duwatsu, har suka shekara ba sa magana.

Ya juya dutsen. "Wanga mi na na?"

Na ce, "Baba, akwai tsaunuka a ƙasan teku. Wuta ke narka dutse ya ɓulɓulo, ruwan sanyi ya daskarar da shi dunƙule-dunƙule kamar matasan kai. Daga can Sanusi ya ciro maka."

Ya shafa ɓarin, mai sheƙi kamar kwalba.

"Tun ina yaro nike cikin ruwa, ban san da wuta ƙarƙashi nai ba. Ya so ya gaya min. Nic ce mishi ba a cin dutsi."

Ya ɗago kai ya dube ni.

"An yi mishi salla?"

"An yi, Baba. Mutum huɗu."

"Huɗu," ya ce. Ya sa dutsen a aljihu, ya shige ɗaki.

Komawa

Hajo ta tsaya can. Na iso gida da magariba, na gode wa Allah da ya sauke mini amanar. Allah ya jiƙan Sanusi.