Gwangwanin Baƙo

Kawuna ya yi aiki a hukumar ruwa har ya yi ritaya, amma bai taɓa zama a ofis ba. Aikinsa bin bututu ne. Daga madatsar ruwan da ke bayan tsaunuka har zuwa babban tankin gari, shi ne mai takawa a ƙasa yana duba inda ya tsage, da inda tsatsa ta ci, da inda wani mai wayo ya huda don ya shayar da gonarsa. Sau da yawa a daji yake kwana, tanti a bayansa, butar shayi na reto a gefen jaka. Shi ya sa duk unguwa ba a kiransa da komai sai Mai Bututu. Yakan ce in ya daɗe zaune a gida, ƙafarsa ce ke fara yi masa tsegumi.

Da ya bar aiki bai bar tafiyar ba. Duk wata sai sun hau tsauni shi da amininsa Tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofar gidan Kawu. Su kwana a can, su sauko suna musun wanda ya fi wani tsufa. Ana cikin haka ciwon suga ya kama Kawu. Likita ya ɗora shi a kan allura, ya tsara masa abinci, ya kuma ja masa kunne cewa in ya yi allurar nan dole ya ci, musamman in zai yi tafiya mai nisa. Kowa ya ɗauka hawan tsauni ya ƙare ke nan, amma matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce a bar mata wannan.

Ta tara gwangwanayen madara masu murfi, ta wanke su tas, ta jera a kan kantar kicin. Kowane gwangwani ci ɗaya ne, ba ƙari ba ragi. A ɗaya dafaffen wake da albasa da ɗan mai. A wani busasshen kifi da ta cire wa ƙaya. Ga ƙwai, ga gyaɗa, ga karas da kokwamba da ba ta yankawa don kada su yi ruwa, ga burodin alkama da take auna masa da faɗin tafin hannunta. Allurar kuwa tana naɗe ta a jiƙaƙƙen tsumma don kada zafi ya lalata ta. Tela ma ya kawo tasa gudummawar: ya ɗinka wa Kawu ɗan ƙaramin aljihu ta cikin riga, aka zuba ƙwayoyin suga saboda ranar da jiki zai buƙata. Tela ya ce bai taɓa ganin ciwo mai rainin hankali irin wannan ba, a hana ka suga kuma a ce ka riƙa yawo da shi a ƙirji kamar laya.

Ni na shigo labarin ne bayan na gama jami'a. Na zo gidan Kawu ina jiran aiki, ina kwana a ɗakin da ke kusa da ƙofa, ina wuni duba waya. Inna ta ce tunda ƙafata lafiya lau, in riƙa bin su. Kawu ya sa mini suna Digiri, ya ce yanzu sun samu mai ɗaukar tanti wanda ya yi karatu.

Ban taɓa zaton abincin mai ciwo zai yi daɗi haka ba. Da yamma Kawu kan ɗora ƙaramar tukunya a kan duwatsu, ya soya albasa da tumatir, ya juye kifin Inna, ya matse lemon tsami a kai. Ƙamshi ya cika wurin. Tela yakan ajiye biskit ɗinsa ya matso yana cewa shi ma yana jin alamun ciwon a jikinsa. Kawu ya ce likita ya hana shi abubuwa da yawa, amma bai hana shi ɗanɗano ba. Shayinsa babu suga, sai citta da na'ana'a, yana kurɓa a hankali yana nuna mini inda bututu ya bi ta ƙarƙashin ciyawa.

Hali ɗaya yake da shi wanda babu wanda ya yi lissafinsa a cikin gwangwanayen nan: ba ya iya kai loma baki alhali wani na kallo. Ko wa ya gifta sai ya ce masa, “Bismillah, zo mu ci.” Galibi mutane sukan ce sun gode su wuce, domin kowa ya san gaisuwa ce.

A tafiyar da abin ya faru, mun yada zango da rana a ƙarƙashin wata bishiya, saura hawa ɗaya mai tsayi mu kai inda za mu kafa tanti. Ni da Tela muka gangara rafi ɗebo ruwa. Mun bar Kawu ya yi allurarsa, ya buɗe gwangwani. Da muka dawo sai muka tarar da baƙo, wani ƙaton mutum da jakar kayan aiki, yana share baki yana ta godiya. Mai gyaran eriyar waya ne da ke can kan tsauni, motar da za ta ɗauke shi ba ta zo ba, tun jiya bai sa komai a cikinsa ba. Ya yi mana sallama ya kama hanya. Na dubi gwangwanin na gan shi fes, na tambayi Kawu ko ya ci.

“An ci,” in ji shi.

Bai yi ƙarya ba. An ci ɗin. Ni dai ban tsaya na tambayi wa ya ci ba. Daga baya muka gane cewa mutumin ya zauna da yunwarsa, Kawu ya ɗauki loma ɗaya ya tura masa sauran, ya ƙara masa da burodin. Buɗe gwangwanin dare kuwa bai yarda ba, wai kada ya ɓata wa Inna tsarinta, kuma kunya ta hana shi cewa a ba shi daga namu.

Muna tsakiyar hawa na ga Kawu ya rage sauri, shi da kullum yake gaba. Gumi ya jiƙa masa riga ko da yake iska na kaɗawa. Ya kira ni da sunan mahaifina, wanda ya daɗe da rasuwa, ya ce in riƙe masa bututun kada ya zame. Sai ya zauna daɓas a kan hanya, hannunsa na karkarwa. Sugan jikinsa ne ya yi ƙasa. Na san me ake yi, Inna ta sha faɗa mini, amma kaina ya zama fanko, na tsaya ina zazzage jaka ban san abin da nake nema ba. Tela ne ya durƙusa, ya zura hannu a aljihun da ya ɗinka, ya sa masa suga a baki yana cewa, “Tsotsa, tsoho. Ba a nan za ka bar ni da wannan yaron ba.” Kawu na iya haɗiya, Allah ya taimake mu. Bayan ɗan lokaci idonsa ya dawo daidai. Muka buɗe gwangwanin dare ya ci, muka huta, muka juyo gida a hankali. Abin da ya fara cewa shi ne kada mu gaya wa Inna.

Ba sai mun gaya mata ba. Ta ga mun dawo da wuri, ta laluba aljihun rigar ta ji babu komai.

Washegari babbar 'yarsu, wadda nake kira Yaya, ta zo daga gidanta. A falo ta yanke hukunci: Baba ya gama hawan tsauni. Ta ɗauki takalman tafiyarsa ta sa a bayan motarta. Kawu bai yi musu ba. Ya ce duk abin da suka gani shi ke nan. Ni kuwa, gaskiya, na ji sanyi a raina, domin tun ranar ko ƙarar murfin gwangwani na ji sai gabana ya faɗi.

Sai dai zaman gida bai karɓe shi ba. Ya koma kujerar ƙofar gida yana kallon shagon Tela. Abincin da yake yi wa kirari a daji, a gida sai ya tsakura ya ture. Ya daina tsokanar kowa, har sunan Digiri ya daina kirana da shi. Tela ya ce wa Inna an tsare mutum daga faɗuwa a tsauni an bar shi yana faɗuwa a kujera.

Da Yaya ta dawo duba shi, Inna ta kira mu kicin ni da ita. Yaya ta ce ita ba ta ƙi a koma tsauni ba, amma sai Baba ya yi alkawarin ba zai sake tayin abincinsa ga kowa ba. Inna ta yi dariya tana goge hannu da zani. Ta ce tun tana amarya take fama da wannan hali, ranar da ta fara yi masa girki ma da maƙwabci ya cinye. In aka sa shi alkawarin nan zai ɗauka, kuma zai karya, sannan ya ɓoye, ɓoyewar ce kuma mai kisa.

“Tsauni bai yi masa komai ba,” in ji ta. “Ni ce na auna cikin mutum ɗaya, alhali na san ubanku bai taɓa ci shi kaɗai ba.”

Ta miƙa hannu saman kanta ta sauko da wani gwangwani da ya fi sauran girma, mai jan murfi. Ta ce wannan na baƙo ne. Duk wanda Allah ya kawo, a buɗe masa shi, ya ci ya ƙoshi. Sauran kuwa magani ne, kuma ba a tayin magani. Ta juyo gare ni ta ce aikina ɗaya: in ya ce “an ci”, in ce wa ya ci.

Yaya ta karɓi gwangwanin tana juya shi a hannu. Ta ce sai likita ya amince tukuna, kuma sai an riƙa tafiya da na'urar gwajin suga. Likita ya amince, ya rage masa allurar ranakun tafiya. Da yamma sai ga takalma a bakin ƙofa.

Mun koma tsaunin a watan da ya biyo baya. Ban ji daɗin hawan ba, idona na kan wuyan rigar Kawu ina neman gumi, ina taɓa aljihuna inda ni ma na zuba suga. A ƙarƙashin bishiyar nan muka zauna. Na ƙi zuwa rafi, na ce Tela ya je shi kaɗai. Kawu ya yi allura, ya buɗe wakensa, ya duba hanya hagu da dama. Babu kowa. Ya ci a gabana har ya suɗe cokali, sannan ya kifa gwangwanin ya nuna mini.

“Na ci, Digiri. Ni da kaina. Ko sai na sa hannu a takarda?”

Tela ya dawo da ruwa, ya ga jan murfin nan a rufe, ya ce ai shi ma in an bi diddigi baƙo ne, ba a wannan tsaunin aka haife shi ba. Kawu ya janye gwangwanin ya mayar cikin jaka, ya ce ya bari sai mun sauko, hanya da sauran tsawo, ba a san wanda za a tarar a gaba ba.