Kwatancen Gidanmu na Jarwal

Gidan da aka haife ni ba shi da lamba, lungunsa ma ba shi da suna. Kwatance kawai gare shi, kuma kwatancen ya fi gidan girma. Ɗakuna biyu ne jal a bayan wani tsohon gidan attajirai a Jarwal, amma in za ka faɗa wa baƙo inda muke, sai ka zagaya da shi rabin unguwa da baki. Ka fara daga rijiyar Zi Ɗuwa, wadda kowa ya sani saboda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sauka a wurin kafin ya shiga Makka. Ka ba ta baya, ka miƙe har gidan muɗawwifi, wato jagoran alhazai, mai koriyar ƙofa. Ka karya dama wajen bazan, wato ma'ajiyar ruwa ta unguwa inda 'yan ga-ruwa ke layi. Ka hau matakalar dutse, za ka ga gidan mai turare da tagoginsa na katako. To, mu ne a bayansa, a gindin magarya.

Inna, mahaifiyata, ta zo Makka tana amarya, ita da Baba, daga wani ƙauye a arewa da Ƙonni. Ta ƙasa suka biyo, suna tafiya suna tsayawa aiki, har suka ƙetaro teku. Ta baro ƙanwarta guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, tana 'yar mitsitsiya ba ta ma iya daka ba. Ba su sake haɗa ido ba. Dukansu ba mai karatun wasiƙa, saboda haka abin da ya riƙe zumuncinsu shi ne sallahu. Duk bayan shekara biyu ko uku wani daga yankinsu zai sami kujerar Hajji. Sai ƙanwar ta zaunar da shi, ta biya masa kwatancen nan har ya haddace, ta ba shi ƙullin daddawa da kuka. Shi kuma ya koma da dabino da zamzam da turmin yadi, da labarin wanda aka haifa da wanda ya rasu.

Manyan gidajen da ke cikin kwatancen na san su ciki da bai, don Baba ɗan ga-ruwa ne, shi ke hawa da garwa biyu a kafaɗa har hawa na huɗu. Da baƙin dutsen duwatsun Makka aka gina su, bangon ya kai kamu biyu kauri, in ka shiga soron da rana tsaka sai ka ji sanyi ya ratsa ka. Tagogin katako da ake kira rawashin sun turo kai bisa lungu, matan gida na zaune a bayansu suna kallon kowa ba mai ganinsu, ga tulunan ruwa an jera a jikin tagar iska na sanyaya su. Tsofaffi sun ce ta Jarwal ayarin raƙuma daga Jidda ke shigowa gari, shi ya sa masu hannu da shuni suka yi gini a nan, kusa da kaya da labari. Muɗawwifin nan kakanninsa ma jagoran alhazai ne. Lokacin Hajji iyalinsa kan tattara su koma saman rufi, su bar wa baƙi ɗakunan. Mai turare kuwa da zafi ya kama yake kwashe iyali zuwa Ɗa'ifa, ya bar wa Baba makulli. A watannin nan ni ce uwar gidan. Nakan zauna a bayan rawashin ina harare-hararen masu wucewa, har sai Inna ta zo ta ja ni da kunne.

Na girma, na yi aure, na zama tela, Baba ya rasu, masu gidajen suka koma sababbin unguwanni suka bar su ga 'yan haya. Sannan wata safiya muka tashi muka ga an rubuta jan fenti a bangon gidan mai turare, da na muɗawwifi, da namu. Kalma ɗaya ce, izala, wato za a rushe. Ba mu kaɗai ba ne, kuma ba a yi mana wulaƙanci ba, an ba da lokaci. Yayana ya samo gida a Shara'i, can bakin gari, muka kwashe Inna.

Ranar tashi ba ta yi kukan ɗaki ba, ba ta yi na magarya ba. Abu ɗaya ta yi ta maimaitawa a mota: “In sunka zaka, wa za su ishe?”

Nan ne laifina yake, kuma ba na ɓoye shi. Mai sallahu na ƙarshe da ya zo kafin rusau ya ce waya ba ta kai ƙauyensu ba tukuna, amma akwai wani ɗan'uwa a Ƙonni mai ita. Na ce zan karɓi lambar kafin ya tafi. Ɗinkin Sallah ya sha mini kai, mutumin ya koma gida, ban karɓa ba.

Da alhazai suka sauko daga Mina a shekarar farko, Inna ta ɗauki kujerarta mai naɗewa ta ce a kai ta Jarwal. Muka je muka tarar da fili an shafe shi sumul, an shimfiɗa kwalta, manyan motocin alhazai na fakin a bayan wani otal. Ni ban gane komai ba. Ita kuwa ta ɗaga kai ta dubi dutsen da ke bayan unguwa, ta matsa gaba, ta matsa hagu, har tsagin dutsen ya zo mata daidai yadda take ganinsa daga ƙofar ɗakinta. Ta buɗe kujera ta zauna. Tun daga hantsi har la'asar, kullum, har garin ya rage baƙi. Duk baƙin mutum da ya gifta sai ta bi shi da ido.

Shekara uku muka yi haka, ina riƙe mata lema ina mita. Na gaji, na ji kunyar direbobin da suka fara kiranta hajiyar fakin, na kuma ji tausayinta har cikin raina. A ta ukun ƙafafunta suka kumbura, jiri ya ɗebe ta, muka wuce asibiti. Yayana ya tsaya a bakin gado ya ce, “Halas ya Ummi, wallahi ma fi Jarwal, babu Jarwal kuma. Wanda ke nemanki ya neme ki a waya.”

Inna ta juya fuska bango. Ni kuma da nake ta mita shekara uku, jin wannan magana sai na juya kan yayana. Na ce masa kujerar tawa ce daga yau, ya kuma daina sa mana baki.

Shekara ta huɗu na tafi ni kaɗai. Mai tasi ya ƙi shiga cunkoso, ya sauke ni a bakin rijiyar Zi Ɗuwa, wadda ita ba a taɓa ba, tana nan da tsohon gininta a kulle. Na ce bari in bi kwatancen da ƙafa kamar baƙuwa. Na ba rijiya baya, na miƙe. Ban yi taku hamsin ba na ci karo da katangar kwano da ta kewaye wani sabon gini. Babu koriyar ƙofa, babu bazan, babu matakala. Na tsaya da kujera a hannu, na ji kamar in mari kaina. Shekara uku muna zaune a ƙarshen kwatance, alhali mai nemanmu tun a taku na biyu yake ɓacewa. Inna ta san inda gidanta yake, shi ya sa can ta nufa. Baƙo kuwa rijiya kaɗai zai samu, daga nan sai tambaya.

Wa zai tambaya? Wanda ya ji yana Hausa. A gefen titin akwai mata 'yan'uwanmu da ke sayar da zoɓo da dafaffen ƙwai da tuwo a kula, wasu da hatsin tantabaru. Yawancinsu sun zo Umra ne suka zauna ba takarda, in motar hukuma ta ɓullo su watse cikin lunguna. Ba ɗaya a cikinsu da ta taɓa ganin tsohuwar Jarwal. In aka tambaye su gidan mai turare, gaskiyarsu za su faɗa, ba su san shi ba.

Na nufi ta farko na yi sallama. Ta dubi abayata da takalmina, ta ji Hausata da Larabci ya cinye rabi, ta ja kularta jikinta.

“Hajiya, zoɓo ko ƙwai?”

“Magana nake so mu yi.”

“Magana ba na sayarwa.”

Na sayi zoɓo, na buɗe kujerar Inna a gefenta na zauna. Kwana uku ina shan zoɓon matar nan, wanda sukari ya yi masa yawa, kafin ta yarda ba leƙen asiri na zo yi ba. Daga nan na fara karantarwa. Na nuna mata katangar kwano na ce nan gidan muɗawwifi yake, ƙofarsa koriya, sai mutum biyu ke tura ta. Na nuna inda gada ta bi na ce bazan na ƙarƙashin nan, nan ubana ya tsufa. Na ce duk wanda ya ambaci ɗaya daga cikin waɗannan, ko magarya, ko gidan mai turare, ta riƙe mini shi ko da zaninsa ne, ta kira ni. Na miƙa mata takarda mai lambata ta ƙi karɓa, ta ce ita ba ta ajiye takardar kowa a jikinta. A murfin kula ta ciki ta yarda na rubuta.

Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka saurara don labarin ya yi musu daɗi, musamman na masu gida da ke kwana a rufi su bar wa baƙi gado. Wasu suka ce tsohuwar nan da taɓi. Wata 'yar Zinder mai bakin tsiya kan hango ni ta ce, “Ga malama ta zo, a fiddo alluna.” Ban damu ba, in dai ta iya biya mini kwatancen daga rijiya har magarya ba kuskure. Ta kuwa iya, har da kwaikwayon muryata.

Shekarar ba wanda ya zo. Da ta zagayo na koma, na tarar rabin matan sababbi ne. An kama wasu an mayar gida, wasu sun koma unguwar Misfala. Na sake farawa daga farko, da zoɓo da komai. Yayana ya ce taurin kan Inna na gada, na ce ai gara ni na gaji wani abu. Inna ba ta tambayata komai in na dawo. Takalmina kawai take kallo, ta ga ƙura, ta san na je.

A shekara ta shida, ana saura kwana kaɗan jiragen alhazai su fara tashi, ina kan keken ɗinki bayan azahar waya ta yi ƙara. 'Yar Zinder ce.

“Malama, taho. Ga wata nan tana karanta mana darasinki.”

Na tarar da mace sa'ata zaune a bakin titi cikin yadin alhazai, ƙafa duk faso, da ƙulli a cinya. Na gaishe ta, na ce wa take nema. Ta rufe ido kamar mai tilawa ta fara: a ba rijiya baya, koriyar ƙofa, bazan, matakala. Ban bari ta kai ƙarshe ba na kama hannunta. 'Yar ƙanwar Inna ce, ta fari. Kwananta huɗu tana zuwa rijiyar tana komawa masauki.

A tasi ta ba ni sauran labarin. Mutum biyu aka aiko a shekarun nan. Na farko ya koma ya ce unguwar ma babu ita. Na biyu ya ce ya tambaya, an ce masa tsofaffin wurin duk sun ƙare. Mazan gida suka taru suka yi wa Inna addu'a, aka toya waina aka raba sadaka.

“Kowa ya ci,” in ji ta, “ban da tsohuwarmu. Tac ce ba ta cin sadakar wadda ba a ga kabarinta ba. Shekara biyu ke nan ana ce mata ta ruɗe.”

Muka isa Shara'i. Inna na zaune a kan darduma. Ta dubi baƙuwar, ta dubi ƙullin, ba ta bukaci bayani ba, ta jawo ta jikinta tana shafa mata fuska. Ni na tsaya a bakin ƙofa ina kuka, ba kuma na jin kunyar faɗa. Baƙuwar ta fiddo waya daga lalitarta, ta ce yanzu ana samun layi a ƙauyen in an fita bakin masallaci. Ta kira ɗanta ta ce ya je ya fito da kakarsa. Muka jira, muna jin kukan awaki da takun mutane da hayaniyar masu tambayar lafiya. Na ƙara murya na sa wa Inna wayar a hannu. Ta riƙe ta da hannu biyu.

Wata tsohuwar murya ta yi sallama, tana haki.

Inna ta amsa, sannan ta kira ta da sunan da ba wanda ya kira ta da shi tun tana yarinya.

Muryar da ke cikin wayar ta tambaya:

“Yaya, ke ta?”

“Ni ta. Gida anka rushe, ni ina nan.”

Muka ji ƙanwar ta janye baki daga wayar, ta ɗaga murya ga mutanen da suka taru a bakin masallacin.

“Na hwaɗa maku,” in ji ta. “Ku matso ku ji ta da kunnenku. Na hwaɗa maku.”